Farin Furen Marigayiya

Ranar musayar furanni a unguwarsu da ke birnin Sirinagar, Mehwish ta tsaya gaban kwandon Ishfak, ko gaisuwa babu.

"Ina irin farin furen nan, mai kama da albasa, da na ba ka kafin sanyi?"

"Na dasa," ya ce, idonsa a ƙasa.

"A ina? Jiya na leƙa lambunka, ko tsiro ɗaya babu. Amma ga farare can sun buɗe a ƙofar su Rubina maƙwabciyarka."

"A kasuwa ta sayi nata."

"Au, kai ka raka ta ke nan?" Ta ƙura masa ido. "Irin marigayiya Mamana ne, Ishfak. Ban taɓa ba kowa ba sai kai."

Ya murza ƙasar da ke yatsunsa.

"Duk maƙabartar nan, kabarin Mamanki kaɗai ne babu fure. Na roƙi Abbanki in dasa, ya ce bare ba ya taɓa kabarin matarsa. Sai na nemi aurenki."

Ta matso kusa da shi. "Me ya ce?"

"Fartanyarsa ya miƙo mini. A kabarin Mamanki na dasa."