Furar da Ta Yi Tsami a Gonar Baba

Daminar da jam'iyyar Baba ta faɗi zaɓe, ya kira gayyar noman gero a gonarmu ta bayan Kurfi. Duk unguwarmu babu wanda Baba bai taɓa kai wa fartanyarsa ba. Inna ta dama fura cikin manyan ƙorai, muka jera su a gindin tsamiya. Har azahar ba wanda ya leƙo, ga ciyawa tana neman shaƙe geron da za mu ci shekara.

Baba ya aike ni wurin maƙwabcinmu Baffa Idi, wanda jam'iyyarsu ta ci. Na iske shi kishingiɗe a zaure cikin mutane.

"Kai yaro, ka ce ma ubanka akwatin da ya jefa ma ƙuri'a ya zo ya yi mashi noman."

Zauren ya kwashe da dariya.

Na dawo na tarar furar ta yi tsami, ƙudaje sun rufe faifan. Kunya ta sa na ce, "Baba, ka koma cikinsu mana. Ai su suka ci."

Bai ko ɗago ba. "Ɗauki fartanya. Ciyawa ba ta san wanda ya ci ba."

Har yau warin fura mai tsami yana tafasa mini zuciya. Ina jin haushin mutanen zauren nan, amma haushin kaina ya fi. Allah Ya yafe mini, tun da na girma, duk jam'iyyar da ta hau, a zaurenta za ka same ni, ina taya su dariya.