Muryar Sa'adatu

Tun da aka kafa dokar, wasiƙun aiki na kamfani ba sa buɗuwa a waya sai muryar wani naka ta shaide ka. Shekara biyu ke nan da rasuwar Sa'adatu, amma kullum safe wayar Tanimu takan ce da muryarta, "Mijina ne, ku buɗe masa."

Yau wa'adin shaidar ya cika. Tanimu ya sha layi a ofishin kamfanin har azahar.

"Baba, kawo sabon mai shaida, rayayye," in ji ma'aikaciyar tana hamma. "Sai mu goge tsohuwar muryar."

"In ban kawo ba fa, 'yata?"

"Muryar tana nan, amma ba wasiƙa, ba aiki."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya mayar da ita aljihun ƙirjinsa.

"To, na baya ya matso," in ji shi, ya ba da wuri.