Jan Ɗigon da Ba Ya Ƙoshi

Farfesa Nasrullahi ya zare filas daga kwamfutar Radiya tun ba ta rufe baki ba.

"Ranka ya daɗe, wannan na gwaji ne, saboda madubin..."

"Kowane bincike gwaji ne," in ji shi. Ya jefa filas a aljihu ya fice.

Haka Farfesa yake. A duk sashensu na jami'a ba ɗalibin da ya taɓa kai ƙarshen magana a gabansa. Abu biyu yake taƙama da su: koriyar hularsa da ba ta barin kansa, da kuma cewa shi ba ya cin abincin taro. Ko a walimar auren yayan Radiya, makon jiya a Ƙofar Gayan, sai da ya sanar da kowa cewa likita ya raba shi da nama, sannan ya yi ta mita kan ɗan jirgin masu ɗaukar hoto da ke shawagi a kan jama'a kamar ƙuda.

Radiya ɗalibarsa ce, ita ta rubuta manhajar. A ba manhajar bidiyon sojojin jini, wato fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, sai ta mai da kowace ƙwaya ɗigo, ta bi sawunta, ta koyi halinta har ta iya hasashen inda za ta nufa. Matsalar ita ce madubin ganin ƙwayoyi na ɗakin binciken, tsoho ne tukuf, in ya yi aiki yau sai ya yi wata yana yaji. Ranar Litinin wata gidauniya za ta turo Dakta Kezia ta ga aikin. In ta gamsu, sabon madubi. In ba ta gamsu ba, shugaban sashe ya riga ya auna ɗakin, zai mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru.

A gida Farfesa ya kunna abin, sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido don murna. Ga ɗigo-ɗigo suna kwararowa ta ƙananan jijiyoyi masu lanƙwasa, suna faɗowa cikin fili, suna yawo ba alƙibla. Can wani abu ya bayyana a kusurwa, sai duk suka yi caa a kansa. Rauni ke nan, ga sojoji sun kai ɗauki! Shekara da shekaru yana karanta wannan a littafi, bai taɓa ganinsa fes haka ba.

Akwai ɗigo guda da manhajar ta shafa wa ja, don ya fita zakka. Shi ne farkon isa wurin, ya koma gefe, ya dawo, ya sake dawowa. Har akwai lokacin da sauran duka suka tsaya cak, shi kaɗai ya lallaɓa ya koma. Farfesa ya raɗa masa suna Acici.

Ranar Litinin Radiya ta tare shi a bakin zaure, fuskarta duk tsoro.

"Ranka ya daɗe, don Allah, bidiyon nan ai yayana ne..."

"Ki gaishe shi da amarya," ya ce, ya wuce.

Zaure ya cika, har shugaban sashe ya zo ganin ƙwaf. Farfesa ya gyara hula ya buɗe wuta. Ya nuna jijiyoyi, ya nuna rauni, sannan ya ɗora tsinin sandarsa a kan jan ɗigon.

"Jama'a, ku dubi wannan mara kunya. Ba ya jiran kowa, ba ya ƙoshi, kuma sai ya ga hankalin 'yan'uwansa ya ɗauku yake komawa. Ni ban taɓa ganin haɗama irin tasa ba. A kansa zan rubuta maƙala."

Aka fashe da dariya, aka tafa. Dakta Kezia ta riga ta cire murfin bironta don sa hannu, sai ta ɗaga hannu.

"Farfesa, aikin ya burge ni ƙwarai. Saura abu ɗaya: a cire mana ɗigon mu ga ainihin hoton da ke ƙasa."

Radiya ta dubi malaminta.

"Ranka ya daɗe..."

"Danna mana, yarinya!"

Ta danna. Jijiyoyin suka zama lungunan Ƙofar Gayan, raunin ya zama farantan walima, ɗigo-ɗigon da suka tsaya cak suka zama huluna, masu su sun ɗaga tafuka ana yi wa ango addu'a. A ƙarƙashin jan ɗigon kuwa, ga wata koriyar hula ta ɗago tana hararar jirgi, kumatu cike, hannu na cusa cinyar kaza a aljihun babbar riga.