Karɓar Lefe a Gidan Mai Saƙar Faifai

Ke da kike zagaye unguwa kina neman aron kaya don taron da bai fi na yini ɗaya ba, zauna in ba ki misali. An yi wata mata mai saƙar faifai, mijinta ya rasu, ba ta da komai sai tsaftar gida da sana'ar hannunta. Da aka sa ranar auren 'yar yayarta, sai aka ce a gidanta za a karɓi lefe, tunda uwa ba ta zama gaban akwatunan 'yarta. Dangin angon masu hali ne, kuma mai jagorantar tawagar gwaggonsa ce, tsohuwar da in ta shiga gida ta fito, abin da ta faɗa a kansa shi za a yi ta maimaitawa har jikoki. Matar nan ta san ba kanta kaɗai za a auna ba. In aka raina gidan, yarinyar ce za ta shiga cikinsu da gorin a wuyanta. Tsoro ya kai ta gidan maƙwabciya, ta aro kujerun roba da farantan tangaran da kuloli masu ruwan zinari da wani jan kafet mai laushi. Ta kwashe ƙorenta da akusanta ta cusa ƙarƙashin gado kamar kayan sata. Ranar taron da hantsi sai ga maƙwabciyar ta faɗo ba ko sallama, wai surukanta sun yi mata zuwan ba-zata, ta kwashe kayanta tas. Ta ce kafet ɗin dai a riƙe zuwa magariba. Matar ta tsaya a tsakar gida, ga baƙi za su iso bayan azahar, ga gida fayau. Ta yi kukanta kaɗan a bayan ɗaki, ta wanke fuska. Ta ce a ranta, tunda ba za ta iya na birni ba, za ta yi na ƙauye cikakke, kada a ga rabi nan rabi can.

Ta kira matan gidan ta kafa doka: yau ba roba, ba ƙarfe a idon baƙo. Aka yayyafa ruwa aka share tsakar gida har ƙasa ta kwanta, aka shimfiɗa tabarmin kaba a inuwar dalbejiya. Faya-fayan da ta saƙa don kasuwa ta jera su a bango, ja kusa da kore, manya a sama ƙanana a ƙasa. Aka jawo ƙoren nan daga ƙarƙashin gado aka goge su, aka shafa wa akusa man gyaɗa har suka yi baƙi suna ƙyalli. Ta turara dambu da zogale, ta yi kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ta dama fura da nono a babbar ƙwarya, ta jefa saiwar jema a randa don ruwan sha ya yi ƙamshi. Matan suka ɗaura tsofaffin zannuwan saƙi na kakarsu. Sai kafet ɗin ya rage. Ta shimfiɗa shi inda gwaggon za ta zauna, ta ja baya ta duba, ta ga ya yi zuru cikin tabarmi kamar baƙon da ba a gayyata ba. Zuciyarta ta ce bar shi, shi ne kaɗai abin tsada a gidan. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta naɗe shi ta jingine a zaure.

Baƙi suka iso da guɗa, aka sauke akwatuna. Gwaggon ta tsaya bakin ƙofa tana bin bango da kallo. Tsohuwar ta zauna a tabarma, aka buɗe mata akushi, ta sa hannu. Tana tsakiyar ci sai muryar maƙwabciya ta tashi daga zaure, yadda kowa zai ji: "Maman yara, a miƙo min kafet ɗina, baƙina sun ƙaru!" Matar ta amsa daga inda take durƙushe: "Ga shi nan jingine a damanki, an gode." Ba wanda aka tayar, ba wanda ya ko waiwaya. Matar ta dubi wurin da ta so shimfiɗa shi, ta ga gwaggon zaune daram tana suɗe yatsu, sai ta yi hamdala a ɓoye. Da za su tafi gwaggon ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, rabona da dambu a akushi tun mahaifiyata na da rai. Ciro min jan faifan can, kuma ki gaya wa yayarki mun ga gidan da yarinyarmu ta fito."

To kin ji. Da ta bar kafet ɗin nan a shimfiɗe, da sai an ce wa tsohuwa ta tashi da loma a bakinta a janye shi. Je ki mayar wa mutane kayansu, ki wanke naki. Tun kafin a haife mu Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.