Manajan da Aka Ɗauko Daga Waje

Ranar da sabon manaja zai kama aiki lif ɗin benen ya lalace, dole ya hau da ƙafa, yana haki cikin kwat ɗin da ya aro wurin ƙanin matarsa. Ya tura ƙofar gilashi, ya gaya wa sakatariya shi ne aka ɗauka ya riƙe sashen tallace-tallace.

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ruga ta kira darakta. Darakta ya fito yana washe baki.

"Daga sama aka turo ka?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji shi, don ta bidiyo manya suka yi masa intabiyu.

Nan take aka kwashe karyayyun kujeru daga wani ɗaki, aka ce ga ofishinsa.

Ma'aikata suka ɗauke shi ɗan leƙen asirin mai kamfani. Masu zuwa da rana tsaka suka koma sammako. Dattijon da ya shekara yana jiran wannan kujera ya daina amsa gaisuwarsa. Kullum darakta ya zazzage shi a sama, ma'aikata su zumɓura masa baki a ƙasa, ya koma gida kansa na sarawa. Matarsa ta ce ya daure, tunda ya riga ya ajiye tsohon aikinsa, ga ta da tsohon ciki.

Abu ɗaya ya ɗaure masa kai: a intabiyu zancen fenti aka yi, nan kuwa kowa tayil yake ambata. Ya ji kunyar tambaya, kada a ce baƙo bai san komai ba. Ya zage ya koyi tayil ciki da waje, har ciniki ya ɗaga. A taron ma'aikata darakta ya yaba wa kansa da ya iya zaɓen mutum.

Da aka gyara lif, ya shiga da safe sai ga matar da ta jagoranci intabiyunsa. Ta ɗaure fuska.

"Kai ne ka amsa aikinmu ka ɓace?"

"Haba, ranki ya daɗe, kullum ina ofis!" Ya miƙa yatsa ya danna lambar hawansa.

Ta bi yatsan da kallo.

"Malam, wannan hawan masu tayil ne. Mu muna samansu, kuma tuni muka ba wani kujerarka."