Tsohon da Ya Tsai da Jirgi a Kan Kwana

Tunda an ɗora ka a kan mutanen da suka girme ka a aiki, zauna in ba ka wani misali. An yi wani tsoho mai duba layin dogo, shekara ashirin da bakwai yana takawa daga tasha zuwa gada kowace safiya, guduma a kafaɗa, jar tuta a hammata. Aikinsa ke nan, ya ƙwanƙwasa ƙusa, ya duba katakan da ƙarafan ke kwance a kai. Ka san ƙarafan nan biyu ba a ajiye su da ka. Ƙafa uku da rabi ne tsakaninsu, kuma akwai sandar ƙarfe da ake auna su da ita, ma'aikata na ce mata geji. In suka buɗe, ƙafar jirgi ta faɗa tsakiya, sai dai salati. To, ran nan da damina, saura masa wata huɗu ya yi ritaya, ya iso wata kwana da ke bisa wani rami mai zurfi sai ya ja ya tsaya. Sheƙin da ƙafar jirgi ke bari a saman ƙarfe ya zame ya koma gefen ciki. Katakon ma ya goge a gefen ƙusa, faɗin yatsa biyu, alamar ƙarfen na zuwa yana dawowa. Ya dafa katakon, ya ji shi luguf, ruwa ya gama cinye cikinsa. Ga jirgin fasinja yana tafe, ranar kasuwa ce, mutum ya fi ɗari huɗu. Ya kuma san doka sarai, wanda ya tsai da jirgi ba dalili, kora ce, fansho ma sai dai ya ji a bakin wasu. Bawan Allah ya tsaya yana ta saƙa da warwara. Da ya jiyo kukan jirgi, sai ya ruga gaba da gudun tsufa, ya ɗaga jar tuta.

Jirgi ya ci birki ya tsaya. Aka yi dace, ko kuwa rashin dace, injiniyan yankin yana ciki. Ba mugun mutum ba ne, ya yi karatunsa da kyau, sai dai bai yarda da komai ba sai abin da awo ya nuna. Da tsoho ya ce kwanar ce ba lafiya, sai ya sauko da gejinsa, ya ɗora a tsakanin ƙarafan, gejin ya zauna daram. Ya matsa gaba ya sake, haka. Sau biyar yana aunawa, ko ƙwayar gero ba ta ƙaru ba. Fasinjoji suka sauko suka yi caa a kan tsoho, masu tumatir na zagi, wata mai kaji na cewa tsufa ne ya taɓa shi. Kunya ta rufe shi har ya fara zargin idonsa. Injiniya ya ce, "Baba, ga awo ya yi magana. Ka miƙa tutarka a ofis gobe." Tsoho ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, geji ba shi da nauyi. A cire kan jirgin ya taka kwanar shi kaɗai a hankali. In ya wuce lafiya, ba sai gobe ba, yanzu zan miƙa."

Direba ne ya fara yarda, don ya daɗe yana ganin tsohon nan a bakin hanya, bai taɓa ɗaga masa ja ba sai yau. Aka kwance kan jirgin daga taragu, ya taho yana rarrafe, tafiyar da ko jariri zai cim masa. Injiniya na tsugune a gefe, gejinsa a hannu. Da nauyi ya hau kwanar, ƙarfen waje ya yi ƙara ya buɗe a gaban idonsa, ƙusoshi suka zaro daga ruɓaɓɓen katako, ƙafar gaba ta faɗa tsakiya, ƙasa ta girgiza. Kowa ya juya ya dubi ramin da ke ƙasan kwanar, ya dubi taragun da ya sauko daga ciki.

Kana tsammanin tsoho ya yi tinƙaho? Ina. Sai ya zauna daɓas a kan tsakuwa, hawaye na bin gemunsa, don shi kansa bai tabbata ba sai da ya gani. Injiniya ya zo ya durƙusa a gabansa, ya ce, "Baba, nuna mini abin da ka gani." Tsoho ya kama yatsansa ya ɗora a kan gogaggen katakon. Awon bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya faɗa. Amma Hausawa sun riga sun gama magana: ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.