Ƙamshin Ƙaro a Yatsun Nomau

Tun shekarar da masu naɗar sauti suka zaga ƙauyuka, doka ta ce duk kiɗan da ya shiga na'ura ya zama na hukuma, ko mai shi ba ya sake taɓa shi. Nomau mai goge ya san haka sarai. Amma da jikarsa ta haihu, farin ciki ya sa ya ciro gogensa daga ɓoye, ya shafa wa izgarsa ƙaro, ya goga.

Washegari ya je kasuwa sayen goron suna. A bakin ƙofa mai gadi ya cafke yatsunsa ya sunsuna.

"Baba, wannan ƙamshin ƙaro ne. Izgar wa ka shafa wa?"

"Tawa. Ko ita ma kun naɗe?"

Sauran masu gadi suka kayar da shi, suka danne hannunsa na hagu a kan dutse. Lasifikar kasuwa kuwa gogensa take saki, wanda aka naɗa yana saurayi. Mai gadin yana kaɗa kai, yana sauke kulki a kan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Masu tumatir suka sunkuyar da kai.

Nomau ya tofar da jinin leɓen da ya ciza, ya dube shi.

"Ɗan banza! Ko dukan ma ka kasa bin kiɗan."